Nazarin lamari: zaɓen manhajar gina shafin intanet ga wani sabon hannu a Agege

Matashin da wannan nazari ya shafa yana zaune a Agege wajen kawunsa, mai shagon shadda da atamfa da huluna. Da rana yana tsare shago, da daddare yana koyon gina shafin intanet ta bidiyoyin da yake kallo a waya. Aikinsa na farko daga cikin gida ya fito. Kawun ya ga dillalan da yake saro kaya a wajensu a kasuwar Balogun sun fara tura adireshin shafi maimakon tura hotuna ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp, sai ya ce masa: "Kai da kullum kake kan kwamfuta, ka yi mana namu mana. A sa kaya, a sa farashi, a sa lambar waya, da Hausa da Turanci." Ya ce, "To Kawu, in sha Allahu."

Kayan aikinsa laftof ce ta hannu, irin wadda a Legas ake kira tokumbo, da aka sayo a Computer Village da ke Ikeja: Core i3, RAM gigabayit 4, hadis (wato hard disk, ma'ajiyar fayiloli) mai juyawa na gigabayit 500, Windows 10, batirin da ba ya wuce minti 40. Intanet kuwa daga wayarsa yake jona wa kwamfutar, don haka kowane megabayit da lissafi. Wanda ya sayar da ita ya sa masa manhajar gina shafi Dreamweaver CS6 na bayan fage, wanda aka fasa makullinsa, ya ce masa da shi ƙwararru ke aiki.

Bayan mako uku shafi ya fito, kuma a kan laftof ɗinsa ya yi kyau. Da ya tura wa wani abokinsa a Mile 12 ya duba sai matsala uku suka bayyana. Hotuna ba su fito ba ko ɗaya. Rubutun ya ƙanƙance a waya, sai an ja da yatsa biyu. Sannan duk inda ya rubuta "ƙarami" sai ya koma "Æ™arami", alamar naira kuma ta koma "â‚¦". Ya yanke cewa manhajar ce ba ta da kyau, ya fara tambaya ko ya koma WordPress ko Wix, wasu hanyoyin gina shafi da ba sai an rubuta kod ba.

Inda ɓarakar take

Kafin a ba shi shawarar wata manhaja, abu na farko shi ne a buɗe fayil ɗin index.html, wato fayil ɗin shafin kansa, a karanta abin da ke ciki, domin da ya sauya manhaja bai san musabbabin ba, da ya kwashi matsalolin nan uku ya kai su sabon gida.

Hotunan: adireshin kowane hoto ya fara da file:///C:/Users/, wato shafin yana nuna wa burauza wani lungu ne a cikin hadis ɗin laftof ɗinsa. Dreamweaver yana rubuta irin wannan adireshi idan aka saka hoto kafin a adana shafin, ko idan ba a fara gaya masa foldar aikin ba. Ga shi kuma fayil ɗin shafin kaɗai ya tura, hotunan suna nan a kwamfutarsa. Ƙanƙancewar rubutu: ya yi amfani da wani tsohon samfurin shafi na kyauta da aka gina da tebur mai faɗin fiksel 960, kuma babu layin viewport a samansa, wato layin da ke gaya wa burauza ta bi faɗin fuskar na'urar. Idan babu wannan layi, burauzar waya takan ɗauka shafin na babbar kwamfuta ne, ta shimfiɗa shi a faɗin kusan fiksel 980, sannan ta matse shi gaba ɗaya ya shiga fuskar waya.

Ta uku ita ce ta fi shafar duk mai rubuta Hausa, kuma bidiyoyin koyarwa na Turanci ba sa taɓo ta, tunda haruffansu ba sa faɗa mata. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da alamar ₦, ba sa cikin tsohon jadawalin haruffan Yammacin Turai. Suna cikin Unicode, kuma hanyar adana su a shafin intanet ita ce UTF-8. A UTF-8, harafin ƙ bayit biyu ne. Samfurin da ya sauko da shi ya ayyana kansa da iso-8859-1, shi kuma da Dreamweaver ya dame shi da tsayawa sai ya koma gyara rubutun a Notepad, wanda a Windows 10 tun 2019 yake adanawa da UTF-8. To fayil ɗin yana cikin tsari ɗaya, kansa yana shelar wani tsarin daban. Burauza ta gaskata shelar, ta karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa: ƙ ya zama Æ™, ɗ ya zama É—, ɓ ya zama É“. Wanda ya taɓa gane waɗannan alamomi sau ɗaya, da ya hango su ya san ciwon.

Duka ukun suna da tushe guda: manhajar ta ɓoye masa rubutun da ke ƙarƙashin shafin, shi kuma bai taɓa leƙawa ba. Wannan ne ya sa hukuncinmu ya karkata inda ya karkata.

Abin da aka auna

An yi masa tambaya uku. Shafi ɗaya yake so ya yi ya huta, ko sana'a yake nema? Ya ce sana'a, domin akwai masu shaguna da makarantun Islamiyya a Agege da Idi-Araba da za su biya a yi masu. Wace kwamfuta gare shi? An riga an gani. Wa zai riƙa gyara shafin bayan an gama? A wannan aikin shi ne da kansa, tunda kullum yana shagon.

Manhajojin ja-ka-ajiye na da, waɗanda mutum ke tsara shafi kamar yana rubutu a Word, har yanzu suna yawo a filashin masu gyaran kwamfuta, amma zamaninsu ya wuce. FrontPage na ƙarshe na 2003 ne. KompoZer bai sake samun sabon fitowa ba tun 2010. Dreamweaver, wanda Macromedia ya fitar a 1997 kafin Adobe ya saye kamfanin a 2005, yana nan da rai, amma da kuɗin wata-wata ake amfani da shi, kuma da dala. CS6 ɗin da ke kwamfutarsa na 2012 ne, ya girmi CSS Grid da shekara biyar, domin sai a 2017 manyan burauzoji suka karɓi wannan hanya ta tsara shafi. Tagar zanensa ba ta san ta ba. Ga kuma haɗarin manhajar da aka fasa: ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki, kuma a wannan kwamfutar ce zai riƙa shigar da kalmomin sirrin shafukan mutane. An ce ya cire ta a ranar. Haka nan in ya ci karo da tsohon bidiyo mai cewa a sauko da Atom ko Brackets, ya wuce: Adobe ya janye hannu daga Brackets a Satumban 2021, GitHub ya rufe Atom a Disamban 2022.

Wix da makamantansa suna da daɗin farawa, kuma ga mai so ya yi shafi ɗaya ya koma harkarsa ba laifi ba ne. Ga wannan matashi ba su dace ba. Wurin gyaran yana kan intanet, kowane minti na aiki data yake ci, in sabis ya yanke aiki ya tsaya. Tsarin kyauta yana ɗora tallar kamfanin a kan shafin, adireshin kuma yana ɗauke da sunansu. Babba kuma, shafin da aka gina a Wix ba a ɗauke shi a kai wani masauki. In mutum ya tashi, sai dai ya sake gini daga tushe. Kuma bayan shekara guda yana aiki da shi, zai iya Wix ne kawai.

WordPress maganarsa daban ce, za a dawo kanta.

Saura manhajojin rubuta kod zalla. Sublime Text mai sauri ne ƙwarai, ana iya gwada shi kyauta amma lasisinsa dala 99 ne. Notepad++, wanda Don Ho ya fitar a 2003, kyauta ne, na Windows kaɗai, megabayit kaɗan ne, kuma ko kwamfutar da ta tsufa tukuf tana ɗaukarsa. Visual Studio Code na Microsoft, wanda ya fito a 2015, shi ma kyauta ne, ya fi su nauyi, amma ya zo da abubuwan da sabon hannu ya fi buƙata, kuma yawancin darussan da zai kalla da shi ake yin su. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin dalili ba ne: mai koyo da ke ganin fuskar manhajarsa ta bambanta da ta malaminsa yakan ɓata rabin darensa wajen neman maballi.

An tsaya a kan Visual Studio Code a matsayin babban kayan aiki, Notepad++ kuma na ko-ta-kwana.

Yadda aka girka shi a kan gigabayit 4

Microsoft ya ce RAM gigabayit 1 ya isa, kuma fayil ɗin saukewa bai kai megabayit 200 ba. Gaskiya ne ga manhajar ita kaɗai. Amma mai gina shafi ba ya aiki da ita kaɗai, dole burauza na buɗe a gefe, kuma Chrome mai shafuka goma a buɗe ya fi ta cin RAM nesa ba kusa ba. Idan gigabayit 4 suka cika, Windows yakan fara aron wuri a hadis, hadis mai juyawa kuma ba shi da sauri, sai komai ya tsaya cak. Don haka aka kafa masa doka: shafi uku kawai a burauza lokacin aiki, bidiyon darasi kuma a waya za a kalla. In kuɗi ya samu, abin da zai fara saya SSD ne, wato ma'ajiya marar juyawa da ta fi hadis sauri, mai inci 2.5, ko na gigabayit 128 ne, kafin ƙarin RAM. In ya zo ƙara RAM ɗin, ya danna Ctrl da Shift da Esc, ya shiga Performance, ya duba Memory ya ga ko akwai gurbin da ba kowa, sannan ya tafi Ikeja da laftof ɗin a hannu a gwada a gabansa, domin DDR3 da DDR3L da DDR4 ba sa maye gurbin juna yadda aka ga dama. Wanda kwamfutarsa ke kan Windows 7 kuwa, Visual Studio Code ya daina tallafa masa tun bayan fitowa ta 1.70 a 2022. Notepad++ ne nasa. Windows 10 ma Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafinsa na yau da kullum, abin da ya kamata mai sayen tokumbo ya sa a lissafi.

An sauko da shi daga code.visualstudio.com, ba daga filashin kowa ba. Gyara huɗu aka yi a ranar farko. An kunna Auto Save a ƙarƙashin File, saboda batirin minti 40 da wutar da ba ta sallama kafin ta tafi. An mayar da update.mode zuwa manual don kada sabuntawa ta riƙa shan data ba da saninsa ba, da sharaɗin zai sabunta da kansa duk lokacin da ya sami wayifai. A File Explorer na Windows an kunna nuna ƙarshen sunan fayil, domin ba sabon hannu ɗaya ba ne ya kwana yana faɗa da index.html.txt yana zaton index.html ne. Sannan an sa ƙari biyu kacal, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora wa Visual Studio Code: Live Server da Prettier. Na farko yana buɗe shafin a adireshin 127.0.0.1:5500 ya riƙa sabunta shi da kansa duk lokacin da aka adana, ba tare da intanet ba. Na biyu yana jera kod ɗin ya daidaita shi. Bidiyoyin da ke lissafa ƙari ashirin da wai dole a sa, ba don irin wannan kwamfuta aka yi su ba.

Daga nan aka buɗe folda guda mai suna shago, a cikinta index.html da style.css da wata folda mai suna hotuna, kuma kullum da Open Folder ake buɗe aikin, ba fayil ɗaya ɗaya ba. A cikin index.html, in aka buga alamar ! aka danna Tab, Emmet, mai taimakon rubuta kod da ke cikin manhajar, zai zubo ƙashin bayan shafi gaba ɗaya, har da layin charset, mai shelar tsarin haruffa, na UTF-8 da layin viewport. Matsala biyu cikin ukun nan ke nan sun mutu tun kafin a rubuta kalma ɗaya. Abin da ya rage shi ne a canza lang="en" zuwa lang="ha" a shafin Hausa, don burauza da Google su san harshen. Adireshin hoto kuma ya zama hotuna/shadda-fara-01.jpg, wanda zai yi aiki a ko'ina muddin foldar ta tafi tare da shafin.

A ƙasan tagar, ta hannun dama, manhajar tana nuna tsarin da fayil yake ciki. In an ga UTF-8, lafiya. In tsohon fayil ne ya buɗe da haruffa a dagule, a danna wurin a zaɓi Reopen with Encoding har a sami wanda ya karantu, sannan a yi Save with Encoding zuwa UTF-8. A Notepad++ kwatankwacinsa shi ne Convert to UTF-8. Kada a adana fayil yana dagule, domin daga nan dagulewar ta zauna ke nan. Wani lokaci kuma zai ga an zagaye ƙ da ɗ da ɗan akwati ruwan ɗorawa; wannan ba kuskure ba ne, manhajar ce ke nuna harafin da ba na Turanci ba a foldar da ba a gaya mata an amince da ita ba. Don buga haruffan, Windows yana da kibod ɗin Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe, akwai Keyman, a waya kuma Gboard yana da Hausa.

Saura salon rubutu. Ba kowane font ne ke da ɓ, ɗ, ƙ ba. In babu, burauza takan aro harafin daga wani salon, sai ka ga ƙ ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo a tsakiyar kalma, abin ya yi muni musamman a kanun shafi. Gwajin mai sauƙi ne: kafin a zaɓi salo, a rubuta "Ɓarawo ya ɗauki ƙwarya, Ɗanladi ya biya ₦500" a duba ƙanana da manya. Noto Sans yana da su duka, haka Andika da Charis na SIL. Shi ya ɗauki Noto Sans.

Abin da ya sake ɓaci

Shafin ya tashi cikin kwana goma, da Flexbox, wata hanyar jera sassan shafi, maimakon tebur. Gwajin waya iri biyu aka yi. A Chrome, F12 sannan Ctrl da Shift da M suna nuna shafin a girman waya. Amma wayar gaske ta fi: tunda laftof ɗin na jone da wayarsa, ya buɗe cmd, tagar buga umarni ta Windows, ya buga ipconfig, ya kwafi lambar IPv4, wato adireshin laftof ɗin, ya rubuta ta a burauzar waya haɗe da :5500. Karon farko bai buɗe ba, sai da aka ba shi izini a katangar tsaron Windows.

Hotuna ne suka kusa kashe aikin. Kaya 40 ya ɗauka, kowane hoto kusan megabayit 4, wato megabayit 160 a shafi ɗaya. Babu mai sayen shadda da zai jira wannan, kuma datarsa ce ke ƙonewa. An rage faɗin kowanne zuwa fiksel 800 aka matse shi da Squoosh, manhajar rage nauyin hoto, zuwa kusan kilobayit 120, jimla ta koma ƙasa da megabayit 5, aka kuma ƙara loading="lazy" don kada hoto ya sauko sai mai kallo ya kusa isa gare shi. Shadda tana da wuyar sha'ani a nan: in aka matse fiye da kima zanen saƙar da ƙyallinta sukan baje, kuma su ne abin sayarwar. Hotunan shadda an bar su sun ɗan fi na atamfa nauyi.

Masauki ma, wato inda ake ajiye shafin a intanet, sai da aka yi gyara. Ya so ya ɗora a GitHub Pages tunda kyauta ne, kuma don atisaye ya dace, amma ƙa'idojinsu sun hana amfani da shi a matsayin masaukin shafin kasuwanci. Sai aka karɓi ƙaramin masauki mai cPanel (allon sarrafa fayilolin shafi) da ake biya da naira, da adireshi mai ƙarewa da .com.ng ta hannun ɗaya daga cikin dillalan da NiRA, hukumar da ke kula da .ng, ta amince da su. Rajistar da sunan kawun da imel ɗinsa aka yi. Wannan al'ada ce da ya kamata ya riƙe tun yanzu: adireshi na mai shago ne, ba na magini ba, rikici da yawa tsakanin masu gini da masu kasuwa daga nan yake tashi.

Da ya ɗora fayilolin a public_html, foldar da ake zuba shafi a masaukin, hotuna shida suka ƙi fitowa. Misali, sunan ɗaya daga cikin fayilolin Atamfa-03.JPG ne, a shafi kuma ya rubuta atamfa-03.jpg. Windows ba ya bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, sabar Linux kuwa tana bambantawa. Tun daga nan sunayen fayilolinsa duka ƙananan haruffa ne, ba tazara, ba harafi mai lanƙwasa, ko da kalmar Hausa ce: kyalle-ja.jpg ake rubutawa, ƙ ɗin a bar shi a cikin rubutun shafi.

Maganar WordPress

WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, shi ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, kuma duk mai son cin abinci da wannan sana'a a Najeriya sai ya iya shi. An jinkirta masa shi ne kawai. Yana buƙatar PHP da rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, yana buƙatar sabuntawa da ajiyar kwafi akai-akai, kuma ranar da wani fulogin (ƙarin da ake ɗora wa WordPress) ya rikita shafin, wanda bai iya karanta HTML da CSS, harsunan da ake rubuta shafi da su, ba sai dai ya zuba ido. Ma'aunin da aka ba shi ɗaya ne: in mai shafin ne zai riƙa gyara da kansa, kamar makarantar Islamiyya mai sa sanarwa duk mako, WordPress ne, in shafi ne mai fuska biyar da ba ya canzawa sai jifa-jifa, rubutun hannu ya fi sauri, ya fi arha, kuma babu ƙofar shiga da ɓarayi za su yi ta gwada kalmar sirri a kanta. In lokacin ya yi, bayan wata uku ko huɗu, zai girka XAMPP, manhajar da ke mayar da kwamfuta ƙaramar saba, ya yi atisaye a kwamfutarsa ba da data ba, ya kuma nisanci jigogi da fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a guruf-guruf, don hukuncinsu ɗaya da Dreamweaver ɗin da ya cire.

Shagon kawun ya faɗo kusa da iyakar wannan ma'auni, saboda farashin shadda yana bin canjin kuɗi, wani lokaci sau biyu a mako. Kawun da kansa ya raba gardama: "Cire farashin shaddar, ɗana. Mai saye ya yi magana, a yi ciniki." Sai aka bar farashi a kan huluna da atamfa, a ƙarƙashin kowace shadda kuma aka sa maballin WhatsApp da ke buɗe hira da sunan kayan a rubuce, ta hanyar ƙara ?text= a ƙarshen adireshin wa.me, da %20 a madadin kowace tazara. Maballin ya ƙi aiki a gwajin farko domin ya rubuta lambar yadda ake faɗinta, da sifiri a gaba. Tsarin wa.me yana son 234 ne sannan lambar, ba sifirin farko, ba alamar +, ba tazara. Ya danna Ctrl da Shift da H, ya musanya lambar a duk shafukan lokaci guda, ya sake ɗorawa, saƙon gwaji ya shigo wayar kawun yana zaune a bakin shago.